Me ya sa sanin abokin ciniki ke da nauyi haka a ƙasashen da suka fito daga kwaminisanci?

Tambaya: Malam, kamfanin da nake yi wa aiki yana shigo da alkama da takin zamani, kuma muna shirin fara sayayya daga Gabashin Turai da yankin tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Duk wanda muka tuntuɓa sai ya ce mana a can sanayya ce ke ciniki, takarda ado ce kawai. Shin haka abin yake? Idan haka ne, daga ina ya samo asali, kuma yaya ya kamata mu ɗauke shi?

Amsa: Ɗan'uwa, waɗanda suka faɗa maka haka suna da gaskiya a wani ɓangare, sai dai sun cusa abubuwa biyu cikin kalma guda, kuma cakuɗa su ya jawo wa kamfanoni da dama asara. Akwai sanayyar da ke nufin sanin halin mutum, wato ka san yadda yake biyan bashi, ka san abin da yake yi idan ciniki ya juya masa baya, ka san waɗanda zai ji kunyarsu in ya ci amanarka. Akwai kuma sanayyar da ke nufin alfarma, wato ka san wani babba da zai buɗe maka ƙofar da doka ta rufe wa sauran mutane. Ta farkon ita ce ta riƙe ciniki a waɗannan ƙasashe lokacin da komai ya wargaje, kuma har gobe tana da daraja. Ta biyun tana kawo riba da wuri, amma ranar biyan kuɗinta ba ta da kyau. Domin ka gane yadda aka yi su biyun suka tashi tare, dole mu koma baya kaɗan.

A tsarin Sobiyet, shugaban masana'anta ba shi ke zaɓar wanda zai sayi kayansa ba, haka nan ba shi ke zaɓar wanda zai kawo masa kayan aiki ba. Hukumar tsare-tsare ta ƙasa, Gosplan, ita ke yanke abin da kowa zai ƙera, wata hukumar kuma mai suna Gossnab ita ke raba ƙarfe da katako da sinadarai. A takarda lissafi ya daidaita, amma a zahiri kaya ba sa isowa a kan kari, ko su iso ba su cika ba, alhali shugaban masana'anta zai sha hukunci idan bai cika adadin da aka ɗora masa ba. Masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Hangari, János Kornai, ya yi cikakken bayanin wannan hali a 1980, inda ya nuna cewa ƙarancin kaya ɗabi'ar tsarin ce da kanta. Saboda haka kusan kowace masana'anta ta ajiye wani mutum da ake kira tolkach, ma'ana mai turawa. Aikinsa shi ne ya hau jirgin ƙasa ya tafi garin da ake ƙera abin da suke buƙata, ya tare a masauki kwana da kwanaki, ya san sakatariyar darakta, ya san mai kula da sito, ya kai tsaraba, ya yi alkawarin cewa in sun saki waya tan goma yau, su ma za a tuna da su ranar da suka rasa fenti. Wannan musayar alfarma Rashawa suna kiranta blat, 'yan Polan kuma suna da kalmarsu ta znajomości, wato sanayya. Akwai karin maganar Rashawa da ke cewa gara ka mallaki abokai ɗari da ka mallaki rubul ɗari (rubul shi ne kuɗin ƙasarsu), kuma a wancan zamani maganar lissafi ce tsantsa, domin kuɗi ba sa sayen abin da babu shi a kanti, aboki kuwa yana iya fito da shi ta ƙofar baya.

Sai tsarin ya rushe gaba ɗaya cikin shekara biyu. Katangar Berlin ta faɗi a watan Nuwamba na 1989, ƙungiyar cinikayyar ƙasashen kwaminisanci ta watse a tsakiyar 1991, Tarayyar Sobiyet kuma ta rabu gida 15 a watan Disamba na wannan shekara. A ranar 2 ga Janairu 1992 gwamnatin Rasha ta saki farashin yawancin kayayyaki, kuma kafin shekarar ta ƙare farashi ya ninka kusan sau 26. Hukumar da ke haɗa mai saye da mai sayarwa ta ɓace, ba a kuma maye gurbinta da komai ba. Ka dubi birnin Ivanovo, cibiyar masaƙun Rasha. Shekara da shekaru audugar Uzbekistan ke zuwa masa da umarnin Mosko. Dare ɗaya Uzbekistan ta zama wata ƙasa mai iyaka da kwastan, mai neman dala a kasuwar duniya, masaƙun suka wayi gari babu auduga. Masana biyu, Olivier Blanchard da Michael Kremer, sun nuna a 1997 cewa irin wannan tsinkewar alaƙa tsakanin masana'antu tana cikin dalilan da suka sa samar da kaya ya faɗi warwas, kuma faɗuwar ta fi muni a kayan da ke buƙatar sassa masu yawa daga wurare daban-daban. Tattalin arzikin Rasha ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 a shekarun 1990, na Yukren kuwa ya ragu da fiye da rabi.

Yanzu ka sa kanka a matsayin mai ƙaramin kamfani a Rasha a 1993. Wani baƙo ya zo da takarda mai hatimi yana son ka ba shi kaya, zai biya bayan wata guda. Ina za ka bincika tarihinsa? Babu hukumar da ke ajiye bayanan masu cin bashi, domin dokar kafa irin waɗannan hukumomi sai a ƙarshen 2004 aka yi ta. Kashin farko na sabuwar dokar mu'amala bai fara aiki ba sai a watan Janairu na 1995. Idan ka kai shi kotu ka yi nasara bayan watanni, hauhawar farashi ta riga ta cinye kuɗin, kuma samun hukunci daban, karɓo kuɗin daban. Bankuna sun fi son cinikin canji da ba gwamnati rance a kan ba ɗan kasuwa jari. Ga kuma mayaudara sun cika gari. Kamfanin MMM na Sergei Mavrodi ya kwashe ajiyar miliyoyin mutane kafin ya durƙushe a 1994, kuma sunan nan ba baƙo ba ne a Najeriya, tunda shi ne ya sake ɓullowa ya tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016. A Albaniya irin wannan damfara ta kai ƙasar ga tarzoma da zubar da jini a 1997. A irin wannan yanayi kalmomi biyu suka mamaye bakin 'yan kasuwar Rasha: kinut, wato a yi jifa da mutum, a karɓi kayansa a gudu, da predoplata, wato biya tukuna kafin ka ga kaya. Baƙo ba shi da wata hanya sai ya biya duka tun farko. Wanda aka sani kaɗai ake ba kaya bashi.

A nan ne darajar sanayya ta fito fili, domin a ƙasar da banki ba ya ba da rance, bashin kaya tsakanin kamfani da kamfani shi ne jarin da ke juya kasuwa. Mai masana'antar kujeru da ya samu katako yau ya biya bayan kwana 30 zai iya aiki da jari kaɗan. Wanda dole ya biya kafin a loda masa kaya, rabin jarinsa kullum a kwance yake a hannun wani. Saboda haka mutum biyu masu injuna iri ɗaya da ƙwarewa iri ɗaya, ɗaya ya tsaya da ƙafarsa ɗaya ya rufe, bambancinsu kawai shi ne wanda ya san su.

Abin ya ƙara tsanani da kuɗi suka yi ƙaranci aka koma cinikin ba ni gishiri in ba ka manda. Zuwa 1998, kusan rabin cinikin masana'antun Rasha ba da tsabar kuɗi ake yin sa ba. Mu ɗauki misalin yadda irin wannan ciniki ke tafiya. Masana'antar taya tana da bashin wutar lantarki a kanta, ba ta da kuɗi, sai ta biya da tayoyi. Kamfanin lantarki ya miƙa tayoyin ga mahaƙar kwal a madadin kuɗin kwal, mahaƙar ta ba kamfanin sufuri, shi kuma ya rage harajin da ƙaramar hukuma ke bin sa ta hanyar ɗaukar mata kaya. Irin wannan zagaye yakan haɗa kamfanoni biyar ko shida, kuma idan mutum ɗaya ya saɓa, duka ya warware. Babu kotun da za ta iya tilasta irin wannan yarjejeniya, domin yawancinta a waya aka ƙulla ta tsakanin daraktocin da suka san juna tun suna ɗalibai a kwalejin fasaha ɗaya. Ma'aikata ma da kaya ake biyansu, shi ya sa matafiya a wancan lokaci suke ganin mutane a bakin manyan hanyoyi da tashoshin jirgin ƙasa suna tallar kofunan gilashi ko tawul ko tukwane, albashinsu ke nan suke neman mayarwa kuɗi.

Wannan ba labarin baka ba ne kawai, an auna shi. A 1997 masana uku, Simon Johnson da John McMillan da Christopher Woodruff, sun yi wa masu kamfanoni tambayoyi a Polan da Sulobakiya da Romaniya da Rasha da Yukren, kimanin kamfani 300 a kowace ƙasa. Sun gano cewa yawan bashin da mai kaya ke bayarwa yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar hulɗa, kuma yana ƙaruwa idan ta hannun wani ɗan kasuwa ko ƙungiyar 'yan kasuwa aka san mai sayen. Biyu daga cikinsu sun yi irin wannan bincike a Biyetnam, wadda har yau jam'iyyar kwaminis ke mulkinta amma ta buɗe kasuwa tun 1986. A can kusan duk masu masana'antun da aka tambaya sun ce kotu ba za ta iya ƙwato musu haƙƙi ba, duk da haka suna ba da kaya bashi. Dabararsu ita ce su je su ga shagon mutum ko masana'antarsa da idonsu kafin a fara, su tambayi maƙwabtansa, su fara da kaɗan, sannan labarin wanda ya ci amana yana yawo a wuraren shan shayi inda 'yan kasuwa ke haɗuwa. Wanda ya cuci mutum ɗaya ya san cewa goma za su ji.

Amma a cikin binciken nan na ƙasashe biyar akwai tambaya guda da nake ganin ta fi sauran muhimmanci, kuma ita ce masu yabon sanayya ba sa kawowa. An tambayi kowane mai kamfani: idan wani da ba ka taɓa hulɗa da shi ba ya kawo maka kaya iri ɗaya da wanda kake saye, a farashin da ya yi ƙasa da kashi 10 cikin 100, za ka saya? A Polan da Sulobakiya da Romaniya, wajen rabinsu suka ce za su saya. A Rasha da Yukren, 'yan ƙalilan ne ƙwarai suka yarda. Ka tsaya ka auna wannan. Mutum ya ga ragin kashi goma ya kau da kai, saboda tsoron baƙo ya fi masa son riba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba za a zarge shi ba. Sai dai illar tana kan ƙasa baki ɗaya: sabon kamfani mai kaya masu kyau da araha ba zai samu mai saye ba, tsohon kamfani mai tsada da sakaci kuma ba abin da zai tilasta masa gyara, tunda abokan cinikinsa ba su da inda za su. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a nan turken ya ɗaure har masu wayo. Binciken ya nuna cewa waɗanda suka yarda kotu na aiki sun fi saurin gwada sabon mutum, kuma amfanin kotu ya fi bayyana a farkon hulɗa, lokacin da ba a san juna ba tukuna. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa Polan, wadda tattalin arzikinta ya fara farfaɗowa tun 1992 bisa ƙarfin dubban sababbin ƙananan kamfanoni, ta yi wa Rasha da Yukren nisa.

Akwai gyara guda da ya kamata a yi wa labarin da ya yaɗu. Gaskiya ne cewa a shekarun 1990 'yan kasuwa da yawa a Rasha suna biyan 'yan daba ko jami'an tsaro kuɗin kariya, abin da suke kira krysha, wato rufin ɗaki, kuma wani lokaci rufin wannan da rufin wancan ke zama su warware rikicin bashi. Amma Kathryn Hendley da abokan aikinta, da suka bincika masana'antu sama da 300 a Rasha a 1997, sun tarar cewa masana'antun sun fi dogara da tattaunawa kai tsaye da tsohuwar hulɗa, suna kuma zuwa kotunan kasuwanci fiye da yadda ake zato, kuma kaɗan ne ke kiran 'yan daba. Don haka wanda ya ce maka takarda ado ce kawai ya wuce gona da iri. Ko a mafi munin lokaci, takarda da sanayya tare suke tafiya.

Kamfanonin waje da suka shiga yankin sun fuskanci matsalar ta fuska biyu. McDonald's ya buɗe shagonsa na farko a Mosko ranar 31 ga Janairu 1990, bayan George Cohon na reshen Kanada ya shafe shekara 14 yana zarya yana gina yarda da hukumomin birnin. Da yake kamfanin bai san masu kawo kayan da zai dogara da su ba, sai ya gina katafariyar masana'antarsa a gefen Mosko, yana sarrafa nama da madara da burodi da kansa, har irin dankali ya shigo da shi ya koya wa manoma yadda yake so. Wato rashin sanin abokin ciniki ya tilasta masa zama mai kawo wa kansa kaya, da tsada mai yawa, kuma sai a hankali, cikin shekaru, ya miƙa ayyukan ga 'yan ƙasa da ya gwada ya yarda da su. Ko da zai fice daga Rasha a 2022, wanda ya sayar wa shagunan shi ne Alexander Govor, mutumin da ya riga ya yi shekaru yana gudanar da wasu shagunan kamfanin a Saiberiya.

Ɗaya fuskar kuma ita ce ta alfarma. Manyan kamfanonin sadarwa uku, VimpelCom da Telia da MTS, sun shiga kasuwar Uzbekistan ta hannun abokan hulɗa na cikin gida waɗanda daga baya aka tabbatar suna da alaƙa da Gulnara Karimova, 'yar shugaban ƙasar na lokacin. Lasisi ya fito, mitar sadarwa ta samu, ciniki ya buɗe. Da bincike ya taso, VimpelCom ya biya tarar dala miliyan 795 a 2016, Telia ya biya miliyan 965 a 2017, MTS kuma miliyan 850 a 2019. Waɗannan kamfanoni sun san wanda ke da iko, amma ko dai ba su binciki ainihin wanda ke bayan kamfanin da suke tura wa kuɗi ba, ko sun sani sun runtse ido. Abin da ke ba ni takaici shi ne har yau ana ba sababbin shiga shawarar su nemi irin wannan abokin, ana kiran abin sanin gari.

Game da halin da ake ciki yanzu, kada ka ɗauki yankin a matsayin ƙasa ɗaya. Polan da Jamhuriyar Cek da Hangari da Sulobakiya da Sulobeniya da ƙasashen Baltik uku sun shiga Tarayyar Turai a 2004, Romaniya da Bulgeriya suka bi a 2007. A Polan akwai hukumar bayanan bashi tun 1997, akwai rajistar kamfanoni ta kotu tun 2001, kuma kana zaune a ofishinka za ka iya duba sunayen daraktocin kamfani da rahoton kuɗinsa ta intanet. A irin waɗannan wurare sanayya ta koma matsayinta na ko'ina a duniya: tana sauƙaƙa ciniki, amma baƙo ma yana iya shiga. A Rasha kuwa abin ya ɗauki wani salo. Kamfanonin bogi da ake kira na kwana ɗaya, waɗanda ake yi wa rajista da fasfon da ya ɓata ko da sunan wani talaka da bai san hawa ba bai san sauka ba, sun yi yawa har babbar kotun kasuwanci ta fitar da matsaya a 2006 wadda ta sa kamfani na iya rasa rangwamen haraji idan bai yi taka-tsantsan wajen zaɓar abokin ciniki ba. Daga nan binciken abokin ciniki ya zama aikin yau da kullum a kowane ofishin akawu, har aka samu kamfanoni da sana'arsu ke nan. Sannan takunkuman da ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba tun 2014, suka kuma tsananta daga 2022, sun ƙara wani nauyi: a ƙa'idar Amurka, kamfanin da mutanen da ke cikin jerin takunkumi suka mallaki rabinsa ko fiye, shi ma takunkumin ya hau kansa ko da sunansa bai fito a jerin ba. Bankinku zai tambaye ku wannan kafin ya tura ko sisi, musamman a harkar taki inda Rasha da Belarus ke da babban kaso na kasuwar duniya.

Saboda haka shawarata gare ku ita ce ku nemi sanayya, amma irin ta farko, kuma ku gina ta da hannunku. Idan dillali ya ce yana da alkama a tashar jiragen ruwa ta Novorossiysk a Rasha ko Constanța a Romaniya ko Klaipėda a Lituweniya, ku fara da sanin ko shi ne mai kayan ko kuwa na biyar ne a layin dillalai, domin harkar hatsi da taki cike take da masu yawo da takardun kayan da ba su taɓa gani ba. Ku nemi lambar rajistar kamfanin ku duba shekarar kafa shi da masu shi, kuma kamfanin da aka kafa wata shida da suka wuce yana tallar jirgi guda na alkama ya isa ya sa ku dakata. Ku nemi ya ba ku sunayen waɗanda ya taɓa loda wa kaya zuwa Afirka ta Yamma, ku kira su da kanku ta lambar da kuka samo ta wata hanya daban. Wani daga cikinku ya je ya ga rumbunan da ofishin, ya zauna ya ci abinci da su, domin mutanen yankin suna ba zaman tebur muhimmanci, kuma sau da yawa fuskar da ta ɗaure a ganawar farko takan saki a ta uku. Duk da haka kada zumuncin ya sa ku sassauta takarda. Ku yi amfani da yarjejeniyar ƙungiyar cinikin hatsi ta GAFTA, wadda ke kai rikici gaban masu sasanci a Landan, ku biya ta takardar lamunin banki maimakon tura kuɗi gaba, ku sa kamfanin duba kaya mai zaman kansa ya auna nauyi da inganci a tashar lodi. Su ma fa ba su san ku ba, kuma za su nemi ku biya tun farko kamar yadda suka saba yi wa kowane baƙo, don haka ku shirya wa cewa sharuɗɗan cinikin farko za su yi tsauri. Ku fara da odar da in ta lalace ba za ta karya kamfanin ba, ku biya a ranar da kuka yi alkawari kada ko kwana ɗaya ya wuce, sannan a oda ta uku ko ta huɗu ku buɗe maganar a ba ku kwana 30. Ko bayan hulɗa ta yi daɗi, ku riƙa karɓar farashi daga wani mai kaya na biyu a wata ƙasar daban, kuna saya daga gare shi lokaci-lokaci ko da kaɗan ne, domin yaƙi ya rufe tashar Odesa da ke Yukren a watan Fabrairu na 2022 ba tare da laifin ko ɗaya daga cikin masu sayar da hatsin da ke lodi a cikinta ba.